Babi Na Biyar: Wuni Ma Fili Ne, Sai Da Shinge

Duk wanda ya taɓa mallakar fili a Abuja ya san takarda ita kaɗai ba ta tsare shi. Idan mutum ya karɓi fulotinsa a Lugbe ko Kubwa ya bar shi fayau, babu shinge babu ko bulo ɗaya, ba za a jima ba mai wankin mota zai kafa rumfa a wannan gefe, bakanike ya ajiye matacciyar mota a wancan, maƙwabci kuma ya ɗan matso da katangarsa taku biyu. A cikinsu babu wanda ya zo da niyyar ƙwace. Kowa ya ga wuri ne babu kowa, ya ɗan raɓa. Haka wunin shugaban kamfani yake a wannan birni. Yakan fito daga gida da abu biyu ko uku a ransa waɗanda ya san su ne ainihin aikinsa: karanta yarjejeniyar da lauya ya aiko tun makon jiya, zama a kan lissafin kuɗin wata uku, yanke shawara kan reshen da ke ta cin asara. Sai ya koma gida bayan isha bai taɓa ko ɗaya ba, alhali bai huta ba ko na minti goma. Wayoyi biyu sun sha kira, ɗakin jira ya cika ya batse, an yi taro huɗu, an leƙa ta'aziyya a Gwarinpa. Idan aka tambaye shi wa ya cinye masa wunin, ba zai iya nuna mutum ɗaya ba.

Dabarar da wannan babi yake magana a kanta, wadda za mu kira killace lokaci, ba ta da wuyar bayani. Maimakon mutum ya rubuta jerin ayyuka ya bar wa sa'a lokacin da za a yi su, sai ya yanka wuninsa gida-gida tun kafin ya fara, ya ba kowane muhimmin aiki gurbinsa mai farko da ƙarshe: daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza aikin lissafi, babu waya, babu baƙo. Cal Newport, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Georgetown ta Amurka, shi ya fi yayata ta a 'yan shekarun nan, musamman bayan littafinsa Deep Work na 2016. Amma tun 1967 Peter Drucker ya riga ya kafa tushenta. Ya ce manyan shugabanni da wuya su mallaki ko kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsu, sauran duk na mutane ne, kuma wannan ɗan rubu'in ma ba shi da amfani idan ya zo gutsi-gutsi. Shawararsa ita ce a fara rubuta inda lokaci yake tafiya da gaske, a datse abin da ba dole ba, sannan a tattara ragowar wuri guda ya zama dunƙule. Ya ba da labarin wani shugaban babban banki da yake ganinsa sau ɗaya a wata na tsawon awa ɗaya da rabi, a kan batu guda tak, ba a shigo masa da kiran kowa sai na shugaban ƙasa ko na matarsa.

Dalilin da ya sa dunƙulen ya fi gutsattsarin daraja an auna shi. Henry Mintzberg, wanda ya zauna kusa da shugabannin manyan ma'aikatu biyar yana rubuta duk motsinsu, ya bayyana a littafinsa na 1973 cewa rabin ayyukansu ba sa kai minti tara, kuma ɗaya cikin goma ne kawai ke wuce awa guda. Wannan tun kafin wayar hannu ke nan, balle WhatsApp. Shekaru arba'in da biyar bayan haka, a 2018, Michael Porter da Nitin Nohria na Jami'ar Harvard suka fitar da sakamakon bibiyar shugabannin manyan kamfanoni 27, kowannensu na tsawon mako 13, dare da rana. Sun samu cewa suna aiki awa 62 da rabi a mako, kashi 72 cikin 100 na wannan lokaci yana tafiya a taro. Kashi 28 cikin 100 ne suke samu su kaɗai, kuma fiye da rabin wannan yana zuwa ne a guntayen da ba su wuce awa guda ba. Abin da ke sa guntaye su zama asara shi ne abin da Sophie Leroy ta nuna a bincikenta na 2009: idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu saura. Bahaushe ya daɗe da cewa taura biyu ba ta taunuwa. Abin da binciken ya ƙara shi ne, ko an tofar da ta farkon, ɗanɗanonta yana nan a baki na wani lokaci. Saboda haka minti goma sha biyar sau takwas ba su yi daidai da awa biyu a jere ba, ko da lissafi ya ce daidai suke.

Waɗancan shugabanni na Amurka ne galibi, masu sakatarori da jiragen kansu. Na Abuja yana da ƙarin nauyi biyu da su ba su san su ba. Na farko daga sama yake zuwa. Tun da gwamnati ta tare a nan a Disamban 1991, kasuwancin birnin ya jingina da ofisoshinta: kwangila, lasisi, takardar fili, biyan kuɗin aikin da aka gama. Wanda abincinsa ke hannun ma'aikata ba shi ke yanka wa kansa lokaci ba. Ana iya kiransa da hantsi a ce minista zai gan shi ƙarfe goma sha biyu, ya tafi ya zauna a ɗakin jira har la'asar, sannan a fito a ba shi haƙuri an kira Maigida fadar shugaban ƙasa. Nauyi na biyu daga ƙasa yake tasowa, ko a ce daga gida. Wanda Allah ya ɗaukaka a Abuja ya zama ƙofar garinsu gaba ɗaya. Mai neman aiki ga ɗansa, mai takardar asibiti, wakilan ƙungiyar ci gaban gari, abokin makarantar firamare da ya shigo jirgin ƙasa daga Rigasa ya sauka a Idu ba tare da ya yi waya ba, duk suna da hakki a kansa a ganinsu, kuma a gaskiya a ganinsa shi ma. Tsakanin waɗannan duwatsun niƙa biyu ake son ya samu awa biyu ya yi tunani.

A nan ne ƙorafi na farko yake fitowa, kuma masu yinsa ba wawaye ba ne. Suna cewa wannan tsari na Turawa ne, mutanen da agogo ya fi ɗan'uwa daraja a wurinsu, mu kuwa al'adarmu ta mutane ce. Har akwai masanin da za su iya jingina da shi, Edward T. Hall, wanda ya raba al'ummomi gida biyu: masu yin abu ɗaya a lokaci ɗaya, da masu haɗa abubuwa da yawa suna fifita hulɗa a kan jadawali. Sai dai wanda ya dubi rayuwar Bahaushe da kyau zai ga wannan rabo bai kama ta ba. Wuninsa a yanke yake tun kafin agogo ya shigo ƙasar: asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, magariba, isha. Alkawarin da aka ƙulla a kan ƙarfe huɗu yana iya zamewa zuwa biyar da rabi, amma wanda aka ce bayan sallar la'asar a masallaci kaza da wuya ya zame, domin an ɗaure shi a jikin turken da ba ya motsi. Attajirin da ba zai iya katse baƙo don karanta rahoto ba, yana miƙewa tsakiyar magana idan aka tayar da iƙama, kuma babu baƙon da ya taɓa jin haushi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111 kuma malaman zaure suke karantar da Ihya'unsa har gobe, ya ware littafi guda a cikinsa kan yadda za a kasa dare da rana kashi-kashi, kowane kashi da aikinsa. Kasuwannin ƙauye kowace da ranarta. Malamin zaure yana da lokacin ba da karatu, sarki yana da lokacin zaman fada. Ashe abin da ya ɓace mana ba sanin killace lokaci ba ne. Mun killace wa ibada da kasuwa da sarauta nasu, sai aikin ofis, wanda ya zo mana daga baya, muka bar shi fili fayau.

Ita kanta gwamnatin da ake zargi da wargaza wa mutane lokaci, inda ta ɗauki abu da muhimmanci takan kafa masa turke. A baya, shekaru da dama, kowa a Abuja ya san Laraba ranar zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya ce, mai hankali ba ya neman minista a ranar. Majalisar Dokoki tana zamanta daga Talata zuwa Alhamis. Kwamitin Babban Bankin Najeriya mai tsara manufofin kuɗi yana zama duk bayan wata biyu, kuma ana sanar da ranakun tun da wuri. Da aka yi zaman Yulin 2023 aka daina, ba a sake zama ba sai Fabrairun 2024, masu zuba jari sun yi ta guna-guni, domin rashin sanin ranar yanke shawara shi ma wani nau'in tsada ne. Wannan darasi ya shafi ƙaramin kamfani kamar yadda ya shafi babban banki: ma'aikatan da ba su san yaushe za su samu Oga ba, kullum za su riƙa farautarsa.

Daga nan ne ake gane inda mafi yawan masu gwada wannan dabara a Abuja suke yin kuskure. Sukan fara da rufe ƙofa. Mutum ya karanta littafi a jirgi, ya dawo ya gaya wa sakatarensa daga yau ba ya ganin kowa kafin azahar. Kwana uku ake yi a fara cewa ya canja, kuɗi sun sa masa girman kai. Mako biyu ake yi wani kawu ya kira daga gida. Wata guda ake yi tsarin ya rushe, shi kuma ya yanke hukuncin cewa abin ba ya aiki a Najeriya. Alhali gini ya fara daga rufi. Gidan Bahaushe na gargajiya ya warware wannan matsala tun tuni da zaure. Cikin gida yana samun sirrinsa ne saboda akwai zaure a gaba, inda kowa ya san zai iya zuwa ya yi sallama, ya zauna a tabarma, a saurare shi. Gidan da ba shi da zaure, baƙo har tsakar gida zai kutsa, ko kuma ya koma da fushi. Don haka gurbin farko da shugaba ya kamata ya killace shi ne na ganin jama'a: a ce kullum daga bayan la'asar zuwa magariba, ko Talata da Alhamis bayan azahar, ƙofa a buɗe take, kuma shi da kansa yana nan. Sai wannan ya tabbata, mutane sun gwada sun ga ba a saɓawa, sannan rufe ƙofar safe take samun halacci. Mai cewa "Alhaji ba ya nan" ƙarya yake yi, kuma baƙo ya sani. Mai cewa "Ranka ya daɗe, Alhaji zai gan ka bayan la'asar, ga ruwa ka sha" alkawari ya ɗauka.

Masu ƙorafin mutunci ya kamata su auna abin da ake yi wa mutane a tsarin da ake kira na mutunci. Dattijo ya taso daga Mararaba tun duku-duku don ya tsere wa cunkoson Nyanya, ya iso Maitama ƙarfe takwas, ya zauna kan kujera har ƙarfe uku bai san ko za a gan shi ba. Da aka shigar da shi, mai ofis yana sauraronsa da kunne ɗaya, waya a ɗaya kunnen, ana miƙo masa takarda yana sa hannu. Minti huɗu aka sallame shi. Wannan shi ne abin da ƙofar da ba ta da lokaci take haifarwa: kowa yana iya zuwa ko yaushe, saboda haka babu wanda ake gani da gaske. Wulaƙancin jira a Abuja ya zama ruwan dare har an daina ganinsa wulaƙanci, wasu ma suna auna girman mutum da yawan waɗanda ke zaune a ƙofarsa. Zumunta a ƙafa take, gaskiya ne, amma ƙafar da ta san ranar zuwa ta fi samun abin da ta zo nema. Ta'aziyya da jana'iza su ne ba su da jadawali, kuma babu tsarin da ya isa ya hana Bahaushe zuwa jana'iza; wanda ya gwada, tsarinsa ne zai mutu. Ɗaurin aure kuwa da walima da taron ƙungiya duk ana sanar da su makonni kafin ranar, galibi kuma Juma'a da Asabar suke faɗowa, don haka shigar da su cikin lissafin mako ba wuya.

Kiran da ke zuwa daga sama ya fi wuyar sha'ani, kuma ba daidai ba ne a yi kamar akwai dabarar da ke maganinsa gaba ɗaya. Gaba da gabanta: idan babban sakataren ma'aikata ya kira ɗan kwangila, zuwa zai yi. Abin da ake iya yi shi ne a ajiye aikin tunani a inda hannun gwamnati ba ya kaiwa. Ofisoshinta ƙarfe takwas suke buɗewa a ƙa'ida, manyan cikinsu kuma ba safai ake ganinsu da sassafe ba. Abuja tana kusa da layin tsakiyar duniya, don haka lokacin asuba ba ya yin nisa da inda yake duk shekara, saɓanin Landan inda yake yawo da awanni tsakanin rani da hunturu. Tsakanin sallar asuba da ƙarfe tara akwai awa biyu zuwa uku da kusan babu mai kira a cikinsu, kuma wanda ya yi aikinsa mai nauyi a gida a wannan lokaci ya tsira daga cunkoson safe a kyauta. Mako ma yana da siffarsa: tsakiyarsa na gwamnati ne, Juma'a rabin wuni ce, Litinin da safe ita ce ta fi zama ta mutum. Sannan dole a bar sarari. Tsarin ginin Abuja na asali ya ware wuraren shaƙatawa da hanyoyin ruwa da ba a gini a kansu. Da aka bi su aka cike da gine-gine, sai da Nasir El-Rufa'i, ministan birnin daga 2003 zuwa 2007, ya shiga rusau. Jadawalin da aka cike maƙil daga safe zuwa dare haka yake, ruwa ɗaya zai yi masa ambaliya. Kahneman da Tversky sun nuna tun 1979 cewa ɗan'adam kusan kullum yana raina tsawon lokacin da aiki zai ci, ko da ya sha yin irinsa. Shugabannin da Porter da Nohria suka bibiya ma kashi 36 cikin 100 na lokacinsu yana tafiya ne wajen tarar abin da ya taso. Idan haka ne a can, wanda ke Abuja ya killace fiye da rabin wuninsa yaudarar kansa yake yi.

Akwai ƙorafi ɗaya da ya fi sauran nauyi, kuma daga Mintzberg kansa ya fito. Shi bai ɗauki katsewar da ake yi wa shugaba a matsayin cuta zalla ba. A ganinsa shugabanni da kansu suke neman ta, domin labari mai zafi ta baki yake zuwa, ba ta rahoto ba. Wannan ya fi gaskiya a Abuja fiye da ko'ina. Wanda ya ji cewa za a sauya shugaban wata hukuma, ko an saki kuɗin wani aiki, galibi a bakin masallaci ya ji bayan Juma'a, ko a harabar otal ɗin Transcorp Hilton, ko daga bakin wani baƙo da ya shigo ba da alkawari ba. Shugaban da ya kulle kansa ya zama makaho a garin da ake ciniki da labari. Amsar ita ce awa biyu ake nema a killace, ba wuni duka ba, kuma labarin da ba zai iya jiran awa biyu ba kaɗan ne ƙwarai. Haɗarin da ya fi wannan shi ne na mai tsaron ƙofa. Duk inda aka taƙaita ganin babba, wanda ke riƙe da littafin alkawari yakan zama ƙaramin sarki, ya shigar da wanda ya ga dama, wani lokaci ma sai an ba shi na goro. Fadawa sun daɗe da sanin wannan sana'a. Maganinta shi ne lokacin zaure ya zama sananne ga kowa, a bi layin zuwa, kuma shugaba da kansa ya riƙa duba sunayen waɗanda aka mayar.

Abu biyu ne suke kashe gurbin safe, kuma dukansu ba baƙi ba ne. Na farko dare. Abuja gari ne da ake ƙulla manyan maganganu bayan isha, a falon gidajen Asokoro da Maitama, har ƙarfe ɗaya ko biyu. Wanda ya kwanta ƙarfe biyu zai tashi asuba ya yi salla, amma abin da zai biyo baya barci ne, ko zama gaban takarda da ido buɗe kai a rufe. Killace safiya yana farawa ne da yanke yawan dararen da za a bayar a mako, kuma wannan ya fi korar baƙo wuya, domin a nan babu sakataren da za a fake da shi. Na biyu shi ne shugaban da bai yarda kowa ya yanke komai ba sai shi. A kamfanoni da yawa na iyali, sayen man janareta ma sai Alhaji ya sa hannu. Irin wannan ko ya rufe ƙofa, akawu zai tsaya a bakinta da takardar biyan kuɗi, kuma yana da gaskiya, tunda aiki ya tsaya. Kafin a ja layi a kan kalanda sai an zauna an rubuta iyakar kuɗin da manaja zai iya kashewa ba tare da tambaya ba, da irin matsalar da ta isa a ƙwanƙwasa ƙofa dominta, da sunan wanda zai amsa waya a madadin Maigida daga asuba zuwa ƙarfe tara. Yawancin masu cewa sun gwada killace lokaci bai yi musu ba, idan aka bincika, wannan takarda ce ba su taɓa rubutawa ba.